Sanarwa: Asabar za mu hau Dala

Assalamu alaikum ƴan uwa ƴan fansho, Alhazai da Hajiyoyi, barkanmu da war haka.

Maganar hawa Dutsen Dala tana nan ranar Asabar in Allah ya kai mu, mu haɗu a gindin dutsen da an idar da sallar asuba, tun kafin rana ta ɗaga. Na ji wasu na cewa wai mun tsufa gwiwa ba za ta ɗauka ba, wallahi ni dai ban yarda ba, akwai matattakala har sama kuma ba tsere za mu yi ba, wanda ya gaji ya zauna ya sha ruwa mu jira shi. Wani dattijo ɗan Japan Yuichiro Miura ya hau Dutsen Everest a 2013 yana da shekara 80 fa!

Abin da ke min ciwo, da yawanmu a garin nan aka haife mu, mun ƙare ƙuruciya daga gida sai ofis, amma ba mu taɓa tsayawa inda Barbushe ya zauna mun kalli Kano daga sama ba, ga Goron Dutse can, ga rufin gidaje har ƙarshen ido, iskar safe na kaɗa ka. Yanzu ne muke da lokacin.

Masu hawan jini da suga don Allah a tuntuɓi likita tukuna, a taho da magani. A sa kambas ban da silifas, a riƙo ruwa da sanda.

Mai zuwa ya rubuta sunansa kafin daren Alhamis.