Rahoton Ayyukan Shekara ga 'Yan Ƙungiyar Masu Lura da Tsuntsaye ta Gombe

Assalamu alaikum, iyaye da 'yan uwa. Fitar da muke yi zuwa madatsar ruwa ta Dadin Kowa ba ta yanke ba a bana, sai a tsakiyar damina. Mun kuma shiga makarantun firamare, inda yara suka yi ta rububin madubin hangen nesa, kowa na son ya fara leƙawa.

Zaman da ya fi tsaya mana a rai shi ne na tsuntsayen teku. Tun kafin a fara wani dattijonmu ya ce, mu da ba mu da teku, ina ruwanmu da su? Kafin a tashi shi ne ya fi kowa tambaya.

Mun ɗauki albatros na Laysan, wani babban tsuntsun teku, misali. Idan ɗansa ya yi fiffike ya bar tsibirin da aka ƙyanƙyashe shi, sai ya yi kamar shekara 3 a kan teku kafin ya waiwayo gida. Ko ya dawo ma ba aure zai yi ba. Zai yi shekaru yana rawar neman abokiyar zama, sai ya kai shekara 7 ko 8 sannan a yi ƙwan farko, shi ma ƙwai ɗaya tak a shekara. Amma suna da tsawon rai. Akwai wata da ake kira Wisdom, an sa mata zoben shaida a ƙafa a tsibirin Midway da ke tekun Pasifik a 1956, kuma a ƙarshen 2024 ta sake yin ƙwai. Ku kwatanta da jan baki mai cinye mana gero da dawa, wanda da ya kai kamar shekara ɗaya yake fara hayayyafa.

Nan ne hankalinmu ya koma kan ungulu. Ita ma ƙwai ɗaya take yi, ɗanta kuma sai ya shekara da shekaru kafin ya fara nasa. Duk babbar ungulun da aka kashe don tsibbu ko aka sa wa guba, an yi asarar da ba a mayar da ita a damina ɗaya. Tun 2015 aka sa irin ungulun da muka saba gani a gari cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa. Da yawanmu mun tashi muna ganinsu jere a kan katangar mayanka, yanzu sai ka wuni a wurin ba ka ga ko ɗaya ba. Wallahi abin yana damuna.

Saboda haka muka fara zuwa mayanka muna ƙirga su, mun kuma gaida Sarkin Fawa, ya karɓe mu hannu bibbiyu. Zama da masu maganin gargajiya bai yiwu ba tukuna, shi ne aikinmu na farko a baɗi in Allah ya kai mu.

Kuɗin wata ya yi ƙasa, madubinmu ɗaya kuma ya tsage. Masu bashi don Allah su ga ma'aji kafin taro na gaba.