Wasiƙa ga Iyaye: Majigi, Batir da Wayoyin da Ake Aikowa Caji

Assalamu alaikum iyayenmu maza da mata. Muna gaisuwa, ya sanyi da ƙura?

Maganar da ta sa aka rubuto wannan karon ita ce wutar solar ɗakin majigi. Batir ɗaya ne da mu, mai bolt 12 da amfiya 100, kuma irinsa ba a zuƙe shi ya wuce rabi, in ba haka ba ya yi saurin mutuwa. Majigi yana jan wat 90, kwamfuta 50, lasifika 20, inbata, mai juya wutar batir ta koma irin ta gida, ita ma tana cin nata. Idan aka haɗa, kusan awa uku ke nan a yini, kuma aji shida ne ke layi. To, waya ashirin in aka jona su, sun sha kusan rabin wannan wuta. Wasu iyaye suna cusa wa yara waya a jaka su kawo caji, har da ta maƙwabta. Mun san halin wutar gari a Garwa idan ruwan madatsar Lagdo da ke ba mu lantarki ya ja baya, amma daga Litinin duk wayar da aka gani za ta kwana a ofis sai mai ita ya zo da ƙafarsa.

Masu cewa yara fim suke kallo, ƙofa a buɗe take, ku zo ku zauna a baya. Bidiyo ba ya wuce minti biyar. Kafin a kunna, malami ya rubuta tambaya biyu a allo. A tsakiya ya tsayar, kowane yaro ya rubuta amsa a ƙaramin allonsa ya ɗaga, sannan a ci gaba. In an bar shi ya yi ta gudu, na gaba su lula, na baya su yi barci. Malamar CM2, ajin ƙarshe na firamare, ta iya wannan aiki, Allah ya saka mata. Da taswira a majigi ta bi da yara kogin Binuwai tun daga tsaunukan Adamawa, ya ratsa ta nan, ya shiga Najeriya ya haɗu da Neja a Lokoja, sannan ta kashe na'ura ta ce kowa ya zana da hannunsa. Sauran malamai su leƙa ajinta, ba abin kunya ba ne.

Kada a aiko da filas na kwamfuta ko katin memori daga gida. Waɗanda suka bi ta shagon masu turi suna ɗauke da cutar da ke ɓoye fayiloli ta bar hotonsu kawai. Darussanmu a kan kwamfuta ɗaya suke, an sauke su ne don su yi aiki ba intanet.

Ƙura ma tana mana ɓarna. Idan ta toshe ramukan iskar majigi sai ya yi zafi ya kashe kansa, shi ya sa ake share su duk Juma'a, kuma ba a zare wayarsa sai fanka ta tsaya. Farantin sola da sassafe ake goge shi da tsumma mai laushi, don ruwan sanyi kan gilashin da ya sha rana yana iya tsaga shi. Baba mai gadi bai taɓa fashin wannan aiki ba, a gode masa in an wuce ta ƙofa. Muna neman labule mai kauri na taga huɗu, saboda hasken hantsi yana wanke hoton. Telolin cikinku, ga dama.

Atisayen faretin 11 ga Fabrairu, Ranar Matasa, kullum bayan tashi, a haɗo yara da ruwan sha. 'Yan CM2 da ba su kawo takardar haihuwa ba, rajistar CEP, jarrabawar kammala firamare, ba ta jiran kowa. Taron ƙungiyar iyaye da malamai Asabar da ƙarfe tara, za a yi maganar batir na biyu. Waɗanda suka saba aiko da uzuri, wannan karon su zo da kansu.

Wassalam,
Shugaban Makaranta