Wasiƙar ƙorafi zuwa ga kamfanin da ya sayar mini da wayoyi masu tsohon bakin caji

Assalamu alaikum.

Shugabannin kamfani, ranku ya daɗe. Ban so maganar nan ta fito fili ba, ma'aikacinku ne ya kai ni ga haka. Ranar Talata 14 ga Oktoba 2025, da ƙarfe 11 da minti 20 na safe, na kira lambarku ta Yamai karo na bakwai. Wani saurayi ya ɗauka, ya bari na gama bayani, sannan ya ce: "Alhaji, dokar caja ta Turawa ce, ba ta shafi Nijar ba. Mai son wayar Turai ya biya kuɗin Turai. Kai araha ka saya." Na ce ya haɗa ni da na gaba da shi. Ya ce babu wanda zai faɗa mini wata magana daban, ya kashe. Na sake kira sau biyu, tana ta ƙara ba a ɗaga ba. Yaron nan na haife shi, kuma ban zage shi ba, ban ɗaga masa murya ba.

Ga yadda abin ya faro. A watan Maris, muna cikin azumi, na sayi salula uku a shagon wakilinku da ke kusa da Kasuwar Dole nan Damagaram, kowace jaka 52, jimla jaka 156. Ɗaya tawa, ɗaya ta mai ɗakina, ɗaya ta Inna da ke Mirriya. Takardar saye tana hannuna, an rubuta garanti na wata 12, da hatiminku a kai. Kwalayen a liƙe suke, ban duba gindin wayar ba, don ban zaci a 2025 za a miƙo mini sabuwar waya mai tsohon bakin nan na micro-USB ba. Sai da na je gida na gani.

Tawa ce ta fara, wajen tsakiyar damina. Bakin ya saki, sai an karkata igiyar gefe guda kafin wuta ta shiga. Daga baya na koma naɗe ta da danƙo, in kwantar da ita a kan tabarma, in danne igiyar da kofin shayi, in gargaɗi yara kada wanda ya gifta ta wurin. Da asuba in duba in tarar da kashi 9. Ni wake nake saye ina sayarwa, masu kawo mini kaya suna Matameye da Magarya, masu saye suna Maigatari. Akwai ranar da mai mota ya yi ta nemana waya a mace, ya ɗora kayan wani ya tafi. Asarar ranar ban sa ta a lissafin da nake bin ku ba.

Ta Inna ce ta fi ƙona mini rai. Idonta ya yi rauni, shi kuwa wannan bakin fuska ɗaya yake shiga. In ta juya shi ya ƙi, sai ta ƙara ƙarfi, har ɗan harshen da ke ciki ya karye. Da wayar nan take jin muryar jikanta da ke Agadas. Na kai wa wakilinku, ya hura ramin da baki, ya ce ƙura ce, ya nuna mini wani mai gyara a bayan shagonsa. Na biya jaka 2 da rabi. Bayan ƴan makonni ta sake lalacewa, na koma, sai wakilin nan da kansa ya ce tunda an buɗe wayar garanti ya faɗi. Shi ya aike ni wurin mai gyaran! Igiyoyin caja kuwa, na ɗari biyar da na jaka ɗaya, na daina ƙirga waɗanda na saya.

Tunda ma'aikacinku ya kawo zancen doka, to mun san dokar. Tun 2009 Tarayyar Turai take lallashin kamfanoni su haɗu a kan caja guda. Da lallashi bai gama aiki ba, majalisarta ta zartar da doka a watan Oktoba 2022, kuma daga 28 ga Disamba 2024 duk sabuwar wayar da za a sayar a ƙasashenta sai mai bakin USB-C, sabon bakin nan da ke shiga ta kowace fuska. Kwamfutocin hannu an ba su har Afrilu 2026. Sun ƙiyasta cewa cajojin da ake zubarwa da waɗanda ke ajiye ba amfani suna kai tan 11,000 a shekara, kuma dokar za ta rage wa jama'a kashe kusan yuro miliyan 250 duk shekara. Apple ya yi ta musu cewa tilas za ta daƙile ƙirƙira, amma a Satumba 2023 ya fito da iPhone 15 da USB-C, ya ajiye bakin Lightning da yake kai tun 2012, kuma bai ware wa Turai ita kaɗai ba.

A majalisarmu ta bayan la'asar mun sha gardama a kai. Akwai abokina mai cewa gwamnati ba ta da hurumin gaya wa kamfani irin ramin da zai huda a wayarsa, kasuwa ce za ta tace. Da ina jin maganarsa. Yanzu na ce masa ya je wurin mai cajin waya na bakin tasha ya tsaya minti goma. Allo guda, igiyoyi sun fi 30 sun sarƙe kamar taliya, ga siririn baki, ga tsohon baki, ga sabo, yaron yana ta laluben wadda za ta shiga wayar wani baƙauye da ya biya kuɗinsa yana jira. Shekara nawa kasuwa ta yi ba ta tace wannan ba? Sai da hukuma ta sa ranar ƙarshe kamfanoni suka motsa.

Zargin da nake muku shi ne wannan, kuma kalaman yaronku ne suka ƙarfafa mini shi: kun san irin kayan da wasu kasuwanni suka rufe wa ƙofa, su kuke kwasowa ku kawo mana, don kun ga nan babu mai tambayarku. Kun san zafinmu, kun san ƙurar hunturu, kun san yadda wuta take zuwa ta ɗauke har mutum ya soka caja ya zare sau biyar a yini. Duk da haka ba ku rubuta irin bakin a fili a kan kwali ba, ba ku ajiye kayan gyara a Damagaram ba, kuka bar mu da lambar waya a gari mai nisan kusan kilomita 900. Jaka 156 ba araha ba ce a wurin mai auna wake da tiya.

Ina neman ku musanya mini wayoyin nan uku da masu USB-C, ko ku mayar mini da kuɗina cif, haɗe da jaka 2 da rabi na gyara. Ina neman takardar ban haƙuri a rubuce kan abin da aka faɗa mini ranar 14 ga wata. Kuma ba ni kaɗai ba ne, a layinmu kawai na san mutum huɗu masu danƙo a wayarsu, duk daga shagon nan. Ku buɗe wurin karɓar ƙorafi a nan garin, ku hana wakilinku tura mutane wurin mai gyara sannan ya soke musu garanti, ku daina shigo da tsohon baki gaba ɗaya.

Na ba ku kwana 15. Kwafin wasiƙar nan zai je ARCEP, hukumar da ke sa ido kan harkar sadarwa a Nijar, da ofishin ma'aikatar kasuwanci na jihar Zinder, tare da roƙon su duba yiwuwar kafa irin wannan ƙa'ida a kan wayoyin da ake shigowa da su Nijar. Wayoyin uku, kwalayensu da takardar saye suna nan a ajiye. Lambata tana cikin rajistarku, sau tara ta shigo muku.

Wassalam,
Wani ɗan kasuwa daga unguwar Zango, Damagaram