Gidajen rediyo, ku daina sayar da amanar masu sauraro

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka in yi magana da shugabannin gidajen rediyonmu, musamman na nan Kano, kan tallan magunguna da suke saka mana dare da rana.

Mahaifiyata ta shekara tara tana fama da ciwon suga. Tana shan ƙwayoyinta, ana auna ta duk wata, jiki kuma alhamdu lillahi. Rediyonta ba ya rabuwa da ita, yana gefen tabarma tun daga asuba har ta kwanta. Bara da damina wani mai magani ya sayi fili na rabin awa a wata tasha, yana rantsuwa da Allah cewa jarka biyu ta jiƙonsa za ta raba mutum da suga har abada, a yi watsi da ƙwayar asibiti. Ga masu kiran waya suna ta ba da shaida. Ba ta yi shawara da kowa ba, ta kwance kuɗin adashinta ta ba jikanta ya sayo mata. Sati uku ba ta taɓa maganin likita ba. Ranga-ranga muka kai ta asibiti cikin dare, ko mu 'ya'yanta ba ta ganewa. Da Allah ya sa ta farfaɗo na ce, "Inna, me ya kai ki?" Sai ta ce, "Ɗan nan, a rediyo fa na ji."

Wannan amsa ta fi komai tsaya min a rai. Da a bakin kasuwa ta ji mutumin da lasifikarsa a kan mota, wucewa za ta yi. Ta yarda da shi ne don muryarsa ta fito daga akwatin da take jin tafsiri da labaran duniya da sanarwar rasuwa. Ko lokacin jita-jitar wanka da ruwan gishiri a 2014, zamanin Ebola, da aka tashe mu da waya tsakar dare, cewa ta yi a bari gari ya waye a ji me rediyo zai ce. Wannan yardar ce mai maganin ya biya kuɗi ya saya.

Na je tashar da kaina. Wani ma'aikaci ya karɓe ni da mutunci, ya jajanta min, sannan ya ce mutumin fili ya saya, kuma suna faɗa a farkon shiri cewa ra'ayin mai shi ne, ba na gidan ba. Malam Edita, tun yaushe "wannan jiƙon yana warkar da suga" ya zama ra'ayi? Magana ce da ko dai gaskiya ce ko ƙarya, kuma rai ne a kanta. Wanda ya ba ɓarawo aron tsani ba zai ce ba ruwansa da abin da aka sauko da shi ba.

Kuma ba wai babu doka ba. Lambar hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta NAFDAC da masu magani ke yawan karantowa, mai harafin L a ƙarshe, shaida ce kawai cewa an duba maganin ba a ga yana cutarwa ba, hukumar ba ta tabbatar yana warkarwa ba. Mutum nawa cikin masu sauraro suka san haka? Dokar ARCON, hukumar kula da tallace-tallace, ta 2022 ta ce a tantance talla kafin ya fita. Masu gidajen rediyo sun fi ni sanin duk wannan.

Haka filayen siyasa suke, inda sojojin baka ke cin mutuncin dattawa da ƙage, gobe a sake buɗe musu makirfo don ubangidansu ya biya. Mu a Kano bai kamata a tuna mana nauyin abin da ake furtawa a iska ba. A Fabrairun 2013 aka harbe ma'aikatan rigakafin shan inna tara, kwanaki kaɗan bayan wani shirin rediyo ya soki rigakafin, har aka kama 'yan jarida aka dakatar da lasisin tashar. Ban ce shirin ne ya ɗana kunamar bindiga ba, amma ya isa ya sa kowane mai gabatar da shiri ya auna kalamansa.

Ba kira nake gwamnati ta shaƙe 'yan jarida ba. Mun ga inda ƙarfin NBC, hukumar da ke sa ido kan gidajen rediyo da talabijin, yake tafiya: a 2020 aka ɗaga tarar kalaman ƙiyayya daga naira 500,000 zuwa miliyan 5, a 2022 aka ci tarar Trust TV miliyan 5 kan shirinta na 'yan bindigar daji, aikin da a ganina yabo ya cancanta. A Mayun 2023 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ce hukumar ba ta da hurumin cin tara. Saboda haka gyaran yana hannun gidajen da kansu.

Na san dizal ya yi tsada, na san akwai ma'aikatan da ke bin albashin watanni. Duk da haka, neman takardar amincewa kafin a karɓi kuɗin mai magani ba ya cin ko kwabo. Hana shi cewa mara lafiya ya ajiye maganin likita ma haka. In kuma an gano ƙarya ta fita, a gyara ta a wannan filin, a wannan lokacin, da muryar da mutane suka sani.

Inna ta koma kan ƙwayoyinta, sai dai idonta na hagu bai dawo daidai ba. Mutumin kuwa har yanzu yana nan duk daren Talata, kuma makon jiya na ji ya ƙara da hawan jini da ciwon ƙoda.

Naka,
Mai karanta jaridarka daga Dakata, Kano