Kan Maganar Kanwa da Tsamin Jini

Tudun Wada, Kaduna.

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da iyali. Ka ce kana jiƙa kanwa kana sha don maganin ƙwannafi, har an gaya maka tana rage tsamin jini. Maganar nan ta tsaya mini a rai.

Ma'aunin tsami, wato pH, yana tashi daga 0 zuwa 14. Bakwai ne tsakiya. Abin da ke ƙasa da bakwai asid ne, kamar tsamiya da lemon tsami. Na sama kuwa alkalin ne, kamar kanwa da ruwan toka. Kowane mataki ɗaya da aka sauka, tsami ya ninka sau goma ke nan. Ka gwada da zoɓo: matsa lemon tsami, ja zai ƙara fitowa, zuba ruwan kanwa, sai ya rine ya koma duhu.

Tumbin mutum na fitar da asid mai ƙarfi, pH ɗinsa tsakanin 1.5 da 3.5. Da shi sinadarin pepsin ke farfasa furotin na nama da wake, kuma yana kashe ƙwayoyin cuta da yawa. Kanwa takan kashe kaifin asid ɗin na ɗan lokaci, haɗuwarsu ta haifar da iskar kabon, shi ne gyatsa da kumburin ciki da kake ji. Daga baya tumbi ya sake zubo wani.

Jini kuwa ba ya jiran kanwa. Jiki na riƙe shi tsakanin 7.35 da 7.45. Bayikabonet, wani sinadarin alkalin da ke cikinsa, na tare asid nan take, huhu ya fitar da iskar kabon cikin mintuna, ƙoda kuma ta zubar da sauran ta fitsari a hankali. Idan jini ya yi tsami da gaske, kamar ga mai ciwon sukari da ya rikice ko mai gudawa mai tsanani, za ka ga numfashi ya yi zurfi da sauri. Wannan sai asibiti, ba a jira.

Abin da ya fi damuna shi ne sodiyam da ke cikin kanwa, irin wanda ke cikin gishiri. Yana sa jiki riƙe ruwa, ya ƙara hawan jini, ya wahalar da zuciya. Don Allah ka ajiye ta. Idan ƙwannafin ya ƙi tafiya, je a gwada ka ko H. pylori ce, wata ƙwayar cuta da ke zama a tumbi, domin ita da magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac ne kan gaba wajen jawo gyambon ciki.

Ka gaishe mini da Hajiya da yara.

Naka amini.