Tsofaffin Kwamfutoci da Fayilolin da Ba Sa Buɗuwa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina da ƙaramin shagon buga takardu a unguwar Jekadafari da ke Gombe, kuma kwamfutata 'yar gwanjo ce mai ƙwaƙwalwar gigabait 2. Kwanan baya wani matashi ya kawo fom ɗin neman aiki, amma da na buɗe shi sai layukan suka tarwatse, domin an adana shi da sabuwar manhajar da ake saya da kuɗi wadda ta fi ƙarfin injina. Haka yaron ya fita jiki a sanyaye. Tun 2006 hukumar ISO mai tsara ma'aunan inganci na duniya ta amince da tsarin adana takardu a kwamfuta mai suna ODF, wanda manhajar kyauta irin LibreOffice ke buɗewa. Ina roƙon ma'aikatu da makarantunmu su riƙa fitar da fom a wannan tsari ko a PDF.

Naku,
Mai karatu daga Gombe