Wasiƙa zuwa ga ɗana a kan shagon firam

Assalamu alaikum, ɗana. Bayan gaisuwa, saƙonka ya iso cewa aiki ya yi yawa har kana tunanin kama shago na biyu. Na yi murna ƙwarai, amma ka dakata tukuna, ka fara gyara lissafin wanda kake ciki.

Inda kuɗin mai firam ke zurarewa shi ne wajen yanka. Hoto mai inci 8 da 10, kewayensa inci 36 ne, amma ba abin da zai ci ke nan ba. Kowane yankan digiri 45 na kusurwa yana cin faɗin sandar firam, kuma yanka takwas ne a firam ɗaya. Idan faɗin sanda inci 2 ne, sai ka ƙara 16, ya zama 52, ban da abin da bakin zarto ya ci da guntun da zai rage. Wanda ya yi farashi a kan 36, shi ke biya wa mai hoto sauran daga aljihunsa. Ka sa gilashin da ke fashewa a lissafi, da gam, da man janareta, da ladan hannunka.

Kada ka yi gasa da firam ɗin roba na kasuwa, ba za ka kai su araha ba. Abincinka yana wajen abin da girmansa bai yi daidai da firam ɗin kasuwa ba: takardar shaidar kammala karatu, allon zayyana, babban hoton biki.

Yanayi ma ka kula da shi. Katakon da bai bushe ba, da hunturu ya shigo sai ya tsuke, kusurwa ta buɗe baki. Da damina kuma danshi kan manne hoto a jikin gilashi, in aka zo ɓamɓarewa fuskar mutum ta tafi, kuma wani hoton na mamaci ne, babu na biyunsa. Saboda haka ka sa kwali tsakani, ka bar sararin milimita 3 a ramin firam don takarda ta samu wurin motsi. Ka liƙe hoto daga sama kaɗai. Salatif kada ya taɓa shi, yana barin tabon da ba ya fita.

Kafin ka taɓa zarto, karɓi rabin kuɗi kafin alƙalami, ka rubuta awo da launi a rasit mai hoto ya gani, don firam ɗin da aka yanka wa wani ba ya sayuwa ga wani. Yaron da za ka ɗauka, ya fara da goge gilashi da rufe baya. Yanka sai hannunsa ya faɗa.

Ka aiko mini da lissafin wata uku mu duba tare. Mahaifiyarka tana gaishe ka. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka